Ma'aikatan Aro

Gwaggo ba ta taɓa taka keken ɗinki ba tunda uwarta ta haife ta. Ko maɓalli ne ya fita a rigarta, maƙwabta take kai wa, ta zauna ta biya su da surutu har su gama. Amma ranar nan da hantsi sai ga ta zaune daram a gaban keken lantarki, ta sha shuɗiyar rigar aiki da ta shaƙe ta a hammata, an rataya mata kati a wuya mai cewa ita ce shugabar ma'aikata.

Ɗan wanta ne ya jawo mata. Mutanen gari Darakta suke ce masa, saboda yana da masana'antar ɗinka rigunan ma'aikata, da mota mai baƙin gilashi, da tumbin da ya dace da su. Gwaggo kuwa Tulu take kiransa, sunan da ta raɗa masa tun yana rarrafe, lokacin da uwarsa ta rasu aka miƙo mata shi, ɗan gajere mai ƙaton ciki. Allah bai ba ta haihuwa ba. Shi ta goya, shi ta yi jinya, shi ta kora makaranta da bulala. Yanzu a gidansa take zaune, a ɗaki mai fanka da talabijin, kuma duk faɗin duniya ba ta da abin da take so kamar yaron nan, ko da yake zagi da tsokana ne kawai hanyar da ta iya nuna masa.

Jiya da yamma ya shigo ɗakinta ya durƙusa, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Gwaggo, na shiga uku."

"Me ka ɓata kuma?"

Ya ce ma'aikatansa ne suka watse. Wani abokin hamayya ya yi musu romon baka, sun kwashe kaf sun koma wurinsa. Ga shi gobe babban kamfanin da ke sayen duk abin da yake ɗinkawa zai turo mai bincike.

"Su fa mutanen nan ba sa sayen riga sai sun ga hannun da ya ɗinka ta," ya ce. "Sai sun tabbatar ba a tilasta wa kowa aiki, ba a kulle kowa, ba a yi safarar mutum an kawo shi kamar kaya ba. In suka zo suka tarar da kekuna babu kowa a kai, shi ke nan, sun janye."

"To kai kana kulle mutane ne?"

"Haba Gwaggo! Ni?"

"To tashi ka share fuskarka. Dangi don me aka yi su?"

Ita da kanta ta ɗauki waya ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce yana da uzuri, ta tuna masa wani alherin da aka yi wa ubansa. Kafin magariba ta haɗa wa ɗanta ma'aikatan aro cike da bas.

Da safe aka kwaso su. Akwai Kawu, ƙanen mahaifiyar Darakta, wanda kunnensa ya riga shi yin ritaya. Akwai ƙanwar matar Darakta, wadda kowa ke kira Mai Farce saboda faratan roba da take liƙawa, dogaye, kowanne da launinsa. Akwai 'ya'yan baffanni da surukai, da wasu da ko Gwaggo sai ta yi dogon tunani kafin ta gano ta inda aka haɗa jini. Kowa an yi masa alkawarin shinkafa da kaza.

Darakta ya tsaya a tsakiyar ɗakin ɗinkin, zufa na bin wuyansa, ya yi musu bita. Kowane keke an riga an saƙala masa rigar da aka ɗinka rabi, abin da ake so kawai mutum ya riƙe ƙyalle ya yi fuskar aiki. In an tambaye su lokacin tashi, su ce ƙarfe huɗu. In an tambaye su ko ana kulle su, su ce a'a. In an tambaye su wa ke riƙe da takardunsu, su ce kowa nasa na hannunsa.

"Sannan don girman Allah," ya ce yana kallon Gwaggo, "yau babu Yaya, babu ɗana, babu wancan sunan. Darakta kawai."

"Wane sunan?" in ji Gwaggo.

"Kin san shi."

"Tsufa ya sa na manta. Tuna min a gaban jama'a."

Ɗaki ya kaure da dariya. Darakta ya girgiza kai ya fita tarar baƙuwa, yana gyara wuyan kwat.

Gwaggo ta gyara zama. Kujerar 'yar ƙarama ce, an ɗora mata matashin da aka haɗa da guntayen ƙyalle, ya lotsa daidai zaman wata da ba ta kai rabin Gwaggo ba. Ta ce bari dai ta ɗan gwada, kada a ce ta zo ta koma ba ta taɓa komai ba. Tana ɗora ƙafa keken ya yi wani gurnani, ya fizge rigar, ya haɗe hannun rigar da wuyanta ya ɗinke. Gwaggo ta saki salati ta ɗaga hannuwa sama. Nan take ta yanke wa kanta hukunci cewa shugaba ba ta ɗinki, duba aikin na ƙasa da ita take yi. Sai ta miƙe ta riƙa zagaye tana goye da hannu, tana ce wa mutanen da suka girme ta su rage hira.

Mai binciken da ta zo ba irin wadda suka zata ba ce. Sun sa ran ganin wani ƙaton mutum mai jaka da gyaran murya, sai ga wata siririyar mace mai tabarau da takalmi marar tsini. Ta gaida kowa da ladabi, ta ƙi lemon da aka miƙa mata. Tana bin tsakanin kekuna a hankali, ba ta damu da riguna ba, hannuwan mutane take kallo. A gaban Mai Farce ta ɗan jima.

"Ba sa hana ki aiki?"

"Ai sabo ne," in ji Mai Farce, tana ƙoƙarin kama zare da gefen yatsu kamar mai ɗaukar garwashi.

Kawu kuwa a teburin guga aka ajiye shi. Ya gama goge rigar da aka ba shi tun tuni, ya ga dutsen guga na ɓata zafi a banza, ya cire hularsa yana goge ta.

"Baba, sannu da aiki," in ji mai binciken. "Ƙarfe nawa kuke tashi?"

"A'a!" Kawu ya amsa da ƙarfi. "Ba a kulle mu!"

"Na ce ƙarfe nawa kuke tashi daga aiki?"

"Kowa nasa na hannunsa!"

Darakta ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya ce tsufa ne, amma shi ba ya korar tsofaffi, ba halinsa ba ne. Gwaggo ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Rabon da ta ji daɗin rana irin wannan har ta manta.

Shayin da ta sha da safe ne ya ɓata mata wasan. Banɗakin ciki ɗaya ne, dangi kuma sun yi masa layi, wata ma ta shige da waya ta ƙi fitowa. Gwaggo ba mai bin layi ba ce. Ta tura wata ƙofa a ƙarshen baranda ta fita neman wani.

Bayan masana'antar fili ne na siminti, rana ta buɗe a kansa babu ko ɗigon inuwa. Akwai tulin kwalaye, da tankin ruwa, da wata tsohuwar kwantena, irin ƙaton akwatin ƙarfen nan da ake jigilar kaya a ciki, an garƙame ta da kwaɗo. Gwaggo na waige-waige sai ta ji tari. Tarin mace ne, irin wanda ake dannewa da tafin hannu. Ta tsaya cik. Ta matsa ta ƙwanƙwasa ƙarfen, zafinsa ya sa ta janye yatsa da sauri.

"Wa ke nan?"

Ta sami wani rami da tsatsa ta ci a gefen ƙofar, ta kanga ido. Da farko duhu kawai ta gani, sai warin zufa ya doke ta, sannan ta fara rarrabe idanuwa. Suna da yawa, duk suna kallon ramin.

"Ni ba hukuma ba ce," ta ce. "Tsohuwa ce mai neman banɗaki. Ku yi magana."

"Mama," wata murya ta amsa can ƙasa, harshenta a karkace irin na wadda ta koyi yaren gari a bakin aiki. "Sun tafi?"

"Su wa?"

"Masu kamu. Maigida ya ce in sun ji mu, kurkuku. Ba mu da takarda. Takarda duk na wurin Maigida."

A gaggauce, cikin raɗa, matar ta ba ta labari. Su ne masu ɗinkin. Dillali ne ya kwaso su daga ƙasarsu da alkawarin aikin kanti, ya sauke su a nan, aka karɓe musu fasfo a ranar. A wani ɗaki a saman sito suke kwana, a kulle. Daga ɗakin sai keke, daga keke sai ɗakin, babu wadda ta taɓa ganin wajen get. Yau tun asuba aka koro su cikin akwatin nan.

"Mama, ruwa," ta ce. "Ƙanwata ba ta magana tun ɗazu."

Gwaggo ta ji abin da ya fito da ita ya koma. Kunya ce ta fara kama ta, kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, don ita ta ɗauki waya, ita ta cika bas, ita ta zauna a kan matashin ɗaya daga cikinsu tana dariya. Bayan kunyar sai tsoro. Ramin ba zai shigar da kofi ba, don haka ta jawo tiyon da ke jikin tanki, ta zura bakinsa ciki, ta murɗa famfo. Ta ji ana rububi a hankali, ana kiran sunan wata.

A ofis ta same shi shi kaɗai, yana shan ruwan sanyi. Mai binciken ta fara kiran ma'aikata ɗaya-ɗaya a wani ɗaki tana ganawa da su.

"Tulu."

"Gwaggo, na ce yau babu..."

"Su wane ne a cikin akwatin ƙarfe?"

Ya ajiye kofin. Ta so ya yi musu, ya rantse, ya ce bai san da su ba, ko da ƙarya ce. Bai yi ba, wannan kuma ya fi mata ciwo. Ya ce ba ta san kasuwa ba ne. Ya ce kowa haka yake yi, in ba haka ba ba a kai labari. Ya ce shi bai sato kowa ba, dillali ne ya kawo su, kuma ci da sha da wurin kwana duk a wuyansa suke.

"Matar nan na fita zan buɗe su," ya ce.

"Akwai wadda ta daina magana."

"Shagwaɓa ce. Na san halinsu."

"Ba ni makullin."

Ya dafe aljihunsa na hagu, ya ja baya. Sai kuma ya sassauta murya, ya koma yaron nan da ke raɓe mata in ya yi ɓarna.

"Gwaggo, ki yi tunani. In aka ga matan nan, rufe wurin nan za a yi, ni kuma ɗaure ni za a yi. Ke za ki sa a ɗaure ni? Ke? Wa kike da shi in ba ni ba? Ki koma ki zauna, ki rufa min asiri kamar yadda kika saba."

Gaskiya ya faɗa, ta saba. Ya fasa gilashin maƙwabta ta ce iska ce. Ya gudu daga makaranta ta ce zazzaɓi ne. Duk girman da ya yi, a bayanta ya yi shi. Ta tsaya tana kallonsa, tana neman wani abin tsokana da za ta jefe shi da shi, ba ta samu ba. Ta juya ta fita.

Tana fita aka ce shugabar ma'aikata ake nema. Mai binciken ta rufe ƙofa, ta jawo mata kujera, ta cire tabarau ta murza ido.

"Mama, ba zan wahalar da ke da tambaya ba," ta ce. "Na duba hannuwan mutanenki, babu wanda allura ta taɓa soka. Na san akwai masu wannan aikin, kuma ba su ne a ɗakin can ba. Amma ni ba 'yar sanda ba ce, ba ni da ikon fasa ƙofar kowa. Abin da aka buɗe min shi nake gani. In na koma na ce ina zargi, kafin a dawo an kwashe su an kai wani wuri."

"In an gan su," in ji Gwaggo, tana kallon ƙasa, "kama su za a yi?"

"Su aka zalunta, Mama. Ba su ake kamawa ba."

Gwaggo ba ta tambayi wa ake kamawa ba, ta sani. Ta buɗe baki za ta faɗi inda matan suke, ta kasa. Ta sake gwadawa, haka. Harshen da ya yi shekaru yana kare yaron nan ya ƙi juyawa ya kai ƙararsa, ko da wasa. Amma akwai abin da harshen ya ƙware a kai, wato yabonsa a gaban baƙi. Gwaggo ta miƙe, ta gyara katin wuyanta, ta kama hannun mai binciken ta ja ta zuwa ɗakin ɗinki.

"Jama'a!" ta tafa hannu. "Baƙuwarmu za ta tafi ba ta ga komai ba! 'Yata, kin ga Daraktan nan namu? Samun irinsa sai an tona. Mutumin da ya gina wa ma'aikatansa ɗakin hutu! Wa ya taɓa yin haka a garin nan?"

Dangi suka kalli juna. Ba a yi wannan a bita ba, amma in Gwaggo ta ɗauko waƙa, amshi ake yi. Kuma kowa na so a ce shi ya fi taimaka wa Darakta.

"Ƙwarai kuwa!" in ji wani ɗan baffa. "Har da fanka!"

"Wace fanka?" in ji Mai Farce. "Na'urar sanyaya ɗaki dai. Ni kullum sai na shiga da bargo."

"Da katifu!"

"Da firiji!"

Wata suruka ta ce ita a can ta yi barcin da ya fi kowanne daɗi a rayuwarta. Kawu ya ga bakuna na motsi, ya ɗaga dutsen guga sama ya ce ƙarfe huɗu. Darakta ya fito daga ofis da gudu-gudu, ya tarar ana ta zuba masa albarka.

"To ai sai a nuna min," in ji mai binciken, tana mayar da tabarau.

"Ana gyara ne," in ji Darakta. "Fenti ake yi, wari zai dame ki."

"Kin ji kunyarsa ko?" in ji Gwaggo. "Ba ya son a ga alherinsa. Taho, 'yata."

Ta shige gaba, mai binciken na biye da ita, dangi kaf suka bar kekuna suka ɗunguma, don su ma yanzu suna son ganin ɗakin da suka sha barci a ciki. Darakta na ta kutsawa yana neman shan gabansu, amma barandar siririya ce, dangi kuma masu jiki ne.

A filin baya surutu ya fara mutuwa. Babu wani gini, sai kwantena a tsakiyar rana, tiyo zure a gefenta, ruwa na tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofa. Gwaggo ta tsaya a gabanta.

"Ga shi nan. Ranka ya daɗe Darakta, a buɗe wa baƙuwa."

"Wannan ai tarkace ne a ciki," ya ce. "Tsohuwar nan ta rikice. Makullin ma na wurin direba, na aike shi."

Gwaggo ta juyo ta dube shi. Wasan ya bar fuskarta gaba ɗaya. Ta yi magana da muryar da ba ta yi amfani da ita ba tun yana ɗan guntun wando, in ya ɓoye wani abu a tafin hannu ya kai baya.

"Tulu. Kawo."

Hannunsa ya riga kansa ji. Kafin ya yi tunani ya shiga aljihun hagu ya fito da makulli, ya miƙa. Sai da ya ga abin a tafinsa, a gaban mai bincike, a gaban dangi, sannan ya gane abin da ya yi. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne. Gwaggo ta ɗauke makullin.

Kwaɗon ya ƙona mata yatsu, ba ta saki ba. Da ƙofar ta buɗe, wani huci ya bugo su har na gaba suka ja baya. Mata ne wajen ashirin, a tsugune, jiƙe da zufa, suna kare ido daga haske. Babu wadda ta motsa. Sai da mai binciken ta durƙusa a bakin ƙofar, ta yi ta maimaita musu a hankali cewa ba kama su aka zo yi ba, sannan ta farko ta sako ƙafa. Tana taka simintin ta janye da sauri. Babu takalmi a ƙafarta, babu a ƙafar ko ɗaya daga cikinsu. An karɓe tun ranar da suka zo, don kada wata ta yi tunanin nisa.

Gwaggo ta tuɓe nata ta tura mata. Sai ga takalma na zubowa ta ko'ina, na maza da na mata, har da mai tsinin Mai Farce. Ita Mai Farcen ce ma ta kutsa ciki, ta kamo yarinyar da ta suma ta hammata, Kawu ya kama ƙafafu, suka kai ta inuwar baranda. Farata biyu suka karye a wurin, ko kallonsu ba ta yi ba. Mai binciken na gefe da waya a kunne, ta kira motar asibiti, ta kira hukuma, ta kira masu ba irin waɗannan mata masauki. Yarinyar ta buɗe ido bayan an yayyafa mata ruwa, ta nemi yayarta.

Jin an ambaci hukuma, dangi suka fara tuna uzurorinsu. Wannan ya bar yara su kaɗai a gida, waccan ta ɗora tukunya. Suka riƙa zarewa ɗaya-ɗaya ta ƙaramar ƙofa, suna tuɓe shuɗiyar riga a hanya. Wasu dai ba su manta sun biya ta wurin kaza da leda ba, don a ganinsu alkawari alkawari ne. Surukar da ta sha barci mai daɗi ita ta fara kaiwa titi, da takalmi ƙafa ɗaya.

Kafin la'asar jami'ai sun zo. Suka buɗe durowar ofis suka fito da fasfunan matan ɗaure da roba, aka riƙa kira ana miƙa wa kowa nata. Matar da ta yi magana ta rami ta zo ta riƙe hannun Gwaggo da hannu biyu, ta rasa kalmar da za ta faɗa a yaren gari, ta faɗa a nata. Gwaggo ta gyaɗa kai kawai. Ba ta jin ta yi abin godiya, idonta na kan ƙofar ofis.

Aka fito da Darakta, babu kwat, rigarsa ta manne masa a baya. Aka sa shi a bayan mota. Babban jami'in ya riƙe ƙofar ya waiga filin da ya zama wayam.

"Akwai wani naka da zai biyo ka, ya san inda aka kai ka?"

Gwaggo na tsaye a gabansu, ba takalmi, katin shugabar ma'aikata na lilo a wuyanta. Darakta ya ɗaga ido ya kalli saman kanta, can wajen tankin ruwa.

"Ba ni da kowa a nan," ya ce.

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta san zai yi fushi, ta shirya wa zagi, ta shirya wa kuka, amma ba ta shirya wa wannan ba. Ta cire katin ta ajiye a kan kwali, ta taka simintin nan mai zafi har bakin motar.

"Mama, ke wace ce?" in ji jami'in.

"Ni na goye shi."

Jami'in ya dube ta, ya dubi na cikin motar, ya matsa gefe. Gwaggo ta dafa ƙofa ta sunkuya.

"Matsa min, Tulu. Ƙafata na ƙuna."

Bai matsa ba. Ya juya fuska ga taga, ya bar jikinsa inda yake. Tunda aka miƙo mata shi yana rarrafe, yau ne ta fara ce masa ya yi abu da wannan murya bai yi ba. Ta jira kaɗan. Sannan ta ɗosana a ɗan gefen kujerar da ya rage, rabin jikinta a kan ƙarfe, ta jawo ƙofar da kanta, ta ce wa direba su tafi.